Tambayoyin da ake yawan yi mana game da zaman ikilisiya a Maraɗi

Na daɗe ina riƙe da ajin masu shirin baftisma a majami'armu, kuma tambayoyin da nake sha ba su cika canzawa ba. Wasu daga bakin sababbin masu bi suke fitowa, wasu daga 'ya'yanmu da suka tashi a cikin ikilisiya amma yanzu suka fara tunanin kansu. Wasu kuma daga maƙwabta da abokan kasuwa Musulmi, waɗanda sukan jira sai an zuba shayi na biyu kafin su ce, "Malam, don Allah in tambaye ka mana." Ga su nan na tattara. Amsoshin na dattijo ɗaya ne a majami'a ɗaya, don haka in ka je wata ikilisiyar kana iya tarar da ɗan bambanci.

Wai da gaske akwai Hausawa Kirista a Maraɗi, ko duk baƙi ne?

Akwai, har wasu gidajen sun kai jikoki da tattaɓa-kunne a cikin bi. Baƙi ma suna nan: mutanen Benin da Togo, Yarabawa da Ibo masu shaguna, ma'aikatan da aka turo daga Yamai, da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Amma shiga majami'ar da ake sujada da Hausa ka kasa kunne, za ka ji Katsinanci da Gobiranci tsantsa, ka ga tsofaffi da tsagen gidansu a kumatu.

Tushen abin daga mishan ɗin SIM ne, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission. A 1893 mutum uku suka sauka a Legas da niyyar kaiwa ƙasar Hausa, biyu daga cikinsu suka mutu kafin a je ko'ina. Waɗanda suka biyo bayansu sun iso Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka zauna a Tsibiri, birnin Sarkin Gobir, sannan suka shigo Maraɗi. Daga wannan aikin ne asibitin Galmi ya fito a 1950, da asibitin kutare na Danja a 1956, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye inda masu bishara da yawa na ƙauyukanmu suka yi karatu. Ikilisiyar EERN, wato ikilisiyar bishara ta Jamhuriyar Nijar da ta fito daga wannan aikin, ta tsaya da ƙafarta jim kaɗan bayan ƙasa ta sami 'yancin kai. Katolika kuma sun sami dayosis ɗinsu na Maraɗi a 2001, bishop na farko shi ne Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, kuma yankinsa ya haɗa har da Tawa, Damagaram, Agadas da Difa.

Yawa dai ba mu da shi. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Shi ya sa kusan duk mun san juna, kuma in mutum bai zo ba Lahadi biyu a jere, kowa ya lura.

In na zo ranar Lahadi, me zan tarar?

A wajenmu tsohon ƙarfen tayar mota ne ke rataye a bishiyar dogon yaro, shi ake bugawa sau biyu. Bugun farko na masu wanka ne, na biyu na shiga. Maza suna zama gefe ɗaya, mata gefe ɗaya, yara a tabarma a gaba inda idon kowa yake kansu. Ana farawa da addu'a da waƙoƙin littafi, sai matasa su yi tasu da ganga, sai zumuntar mata su miƙe da tulunansu da caki. In mata suka ɗauki amshi, ko kurma ya san ana sujada.

Bayan haka sanarwa: wa ya haihu, wa ke kwance, ina za a je gaisuwar mutuwa, yaushe za a yi gayya a gonar fasto. Baƙi sukan ga kamar ɓata lokaci ne, ni kuwa na fi kasa kunne a nan fiye da ko'ina, domin a nan ake sanin wanda zai kwana da yunwa a makon. Sai a ce baƙi su tashi su faɗi sunansu da inda suka fito, a yi musu maraba. Daga nan karatun Littafi, wa'azi, baiko, albarka. In akwai waɗanda ba sa jin Hausa, wani yakan tsaya kusa da mai wa'azi yana juyawa da Faransanci. A watan Afrilu, lokacin da kwanon rufi yake kamar tanda, mai wa'azi mai hankali yakan taƙaita.

Ni Musulmi ne. Za a bar ni in shiga?

Ƙwarai kuwa. Ba wanda zai tambaye ka dalili, ba wanda zai sa ka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba. Abu ɗaya kawai: in ranar Jibin Ubangiji ce, gurasa da ƙoƙon na waɗanda aka yi wa baftisma ne, sai ka miƙa wa na kusa da kai.

Me ya sa kuke cewa "Allah"? Ba sunan Musulmi ba ne?

Da wane suna Bahaushe zai kira Mahaliccinsa? Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun fassarar farko cikakkiya ta 1932 har wadda aka sabunta a ƙarshen shekarun 1970, "Allah" yake cewa, kamar yadda Larabawa Kirista na Masar da Lebanon suke faɗa. Muna cewa Ubangiji, muna cewa amin, muna cewa in Allah ya yarda. Inda muka rabu da 'yan'uwanmu Musulmi shi ne a kan Yesu Almasihu: mu mun gaskata ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, ya kuma tashi a rana ta uku. Ba na ɓoye wannan in an tambaye ni, ba na kuma mai da shi abin gardama a bakin shago.

Ana ta ce mana mu yi bimbini a kan Maganar Allah. Yaya ake yi? Gidanmu ko wurin da mutum zai keɓe babu.

Ka taɓa ganin saniya da yamma bayan an dawo kiwo? Ta riga ta ci, amma tana kwance tana tuƙa. Bimbini ke nan. Ka ɗauki ɗan abu kaɗan ka yi ta juya shi a zuciya har ya narke.

Kada ka fara da Littafin Firistoci ko Wahayi, za ka gaji a kwana uku. Fara da Markus, sura 16 ne kawai, labari na bin labari. Karanta guntu ɗaya, aya biyar ko goma, sau biyu, da ɗan sauti yadda kunnenka zai ji. Sai ka tambayi kanka: me na gani game da Yesu a nan? Wane ne ni a cikin wannan labarin? (Yawancinmu mukan zaɓi zama almajiri, alhali sau da yawa Bafarisiyen ne ya fi kama da mu.) Sannan, akwai wanda ya kamata in je wurinsa yau saboda abin da na karanta? Ka rufe da addu'a gajeriya. Minti goma sha biyar sun isa. Wasu suna bin Karin Magana sura ɗaya kowace rana, tunda 31 ne sun yi daidai da kwanakin wata. Zabura kuwa guda 150 ne, kuma babu halin da zuciya za ta shiga da ba za ka same shi a ciki ba.

Maganar wuri kuma, ni kiran sallar asuba ne agogona. Masallaci na bayan gidanmu, ladanin kuma ba ya makara. Da ya ɗaga murya sai in tashi in ɗauki tocila in zauna a zaure kafin yara su farka. Na taɓa gaya masa haka, ya yi dariya ya ce to ladan ya zama biyu.

Wanda bai iya karatu ba bai rasa kome ba. Yaro ya karanta masa, ko a sa masa Littafin a katin waya ya riƙa saurara. Akwai wata tsohuwa a cikinmu, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma ayoyin da ke kanta sun fi nawa. In tana sussuka za ka ji tana maimaita "Ubangiji makiyayina ne" daidai da faɗuwar taɓarya. Wata rana na ce mata, "Inna, ba kya gajiya da aya ɗaya?" Ta ce, "Ɗan nan, kai ka gaji da tuwo?"

To in ina karatuna ina addu'ata a gida, me ya sa dole sai na zo taro?

Wannan ce tambayar da na fi son a yi mini, domin ni ma na taɓa yin ta.

A zaure, kai kaɗai da tocila, karanta ayar gafara ba wuya. Kana iya ma zubar da hawaye. Sai ranar Lahadi ka shigo ka tarar wurin da ya rage a benci shi ne kusa da mutumin da ya ci maka jika biyar tun bara, yana kuma rera waƙa da ƙarfi kamar ba shi ba. A nan ne za ka san ko abin da ka karanta ya shiga. Yawancin umarnan Sabon Alkawari ba sa yiwuwa ga mutum shi kaɗai: ku ƙaunaci juna, ku ɗauki nawayar juna, ku yi haƙuri da juna. In babu "juna", da wa za ka yi?

Na biyu, mai karatu shi kaɗai yana iya ɓata bai sani ba. Mun yi wani saurayi mai himma wanda ya karanta ayoyin warkarwa ya yanke wa kansa cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Ba don wani dattijo ya zaunar da shi ya nuna masa cewa Luka da ya rubuta Bishara likita ne ba, ya kuma ɗauke shi a babur ya kai shi asibiti, da wani labarin ake yi.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. A Markus sura 2, mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka rasa hanya saboda cunkoso, suka hau soro suka buɗe rufin suka zura shi. Littafin ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Tasu, ta masu ɗaukar. Akwai ranar da za ta zo, bakinka zai kasa addu'a, Littafin zai yi maka kamar takardar banza. A ranar, masu ɗaukar gadon kake bukata, kuma ba a samunsu rana ɗaya. Zumunta a ƙafa take.

Na yi addu'a, na yi azumi, shiru. Allah yana ji kuwa?

Ba zan yi maka ƙaryar cewa na san dalili ba. Na binne 'yata a wata damina, zazzaɓi na kwana huɗu, bayan ikilisiya duka ta kwana tana roƙo. Tsofaffinmu sun ga yunwar El Buhari ta 1984, mu kuma mun ga 2005, lokacin da iyaye mata suka yi ta layi da yara a cibiyoyin tamowa a nan Maraɗi. Masu bi sun yi addu'a a waɗannan shekarun, kuma yunwa ba ta tsallake gidajensu ba.

Abin da na sani shi ne Littafin kansa bai hana kuka ba. Zabura 13 da tambayar "har yaushe" ta fara. Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu, ba ko kalmar ta'aziyya ɗaya a ƙarshenta, amma aka bar ta a cikin Littafi. Yesu ma a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba.

Ga masu zuwa gaisuwa kuma ina da roƙo. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma nan ne kaɗai suka yi daidai. Da suka buɗe baki suka fara neman zunubin da ya jawo masa, sai suka ɓata. Al'adarmu ta zaman makoki ta riga ta koya mana wannan: ka zo, ka ce "yaya haƙuri", ka zauna a tabarma. Wanda na fi tunawa a makokin 'yata bai yi mini wa'azi ba. Kullum da safe yakan zo ya cika randunanmu ya tafi.

Ina kuɗin baiko suke zuwa?

Tambaya ce mai kyau, kuma kada kowa ya sa ka ji kunyar yin ta. A wajenmu mutum biyu ne ke ƙirgawa a gaban juna, ma'aji ya rubuta, a karanta wa jama'a lissafi lokaci-lokaci. Daga ciki ake tallafa wa fasto, a biya wuta da ruwa, a aika wa masu bishara na ƙauye, waɗanda yawancinsu da gonarsu suke ci. Ikilisiyar da ba a karanta lissafi a cikinta, ko fastonta waliyyi ne, ta buɗe ƙofar zargi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma baikon da ya fi kowane girma a ƙasar manoma ba a faranti yake zuwa ba. Ranar godiyar kaka yake zuwa. Ka ga amalanke a ƙofar majami'a, dammunan hatsi jingine da bango, buhun wake, gujiya, kabewa, kaji an ɗaure musu ƙafa suna ta kuka a tsakiyar addu'a. Kowane gida ya taso da waƙa ya kawo nasa. Bara wata gwauruwa ta zo da tiya ɗaya ta wake a ƙullin zane, tana tafe tana rawa kamar ta kawo buhu goma, kuma ba wanda ya yi mata dariya, domin duk mun san girman gonarta. Wani kaso ana sayarwa, wani ana zubawa a rumbun ikilisiya. Ba a buɗe shi sai Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, farashi kuma ya hau. A lokacin ne marayu da gwauraye suke ganin amfanin rawar da aka yi.

Me zumuntar mata take yi ban da waƙa?

In ka cire su, majami'a za ta zama gini kawai. Su ke zuwa barka da gaisuwar mutuwa, su ke kwana da mai jinya a asibiti, su ke dafa abincin taro, suna da asusunsu da adashinsu, suna koya wa amare zaman gida. Yawancin matan da suka iya karatun Hausa a cikin tsofaffinmu a zumunta suka koya, da Littafi a cinya. Kuma labarin gidan da ake rikici yakan kai kunnensu wata guda kafin ya kai na dattawa.

Na ga Kirista biyu ba sa ga-maciji. Ina ƙaunar da kuke wa'azi?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Majami'a ba ta tsira daga wannan ba. Abin da Yesu ya shimfiɗa a Matiyu 18 a fili yake: ka je wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sannan a kai wa ikilisiya. Mu kuwa mukan fara daga ƙarshe, kowa ya ji sai wanda abin ya shafa.

Bari in ba da nawa. Shekarun baya matasa suka haɗa kuɗi suka sayo piyano mai wuta da lasifika. Ranar farko ƙarar ta yi yawa har tsofaffi suna toshe kunne. Maimakon in jira a tashi, sai na miƙe a gaban jama'a na ce wa yaron da ke kaɗawa nan ba gidan rawa ba ne. Ya kashe, ya sunkuyar da kai. Lahadi ta gaba bai zo ba, ta gaba ma haka. Ni kuwa ina ganin na tsare mutuncin ɗakin Allah.

Tsohuwar nan mai sussuka ce ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, kai ka kore shi, kai za ka je ka ɗauko shi." Na yi kwana uku ina kai-kawo da girman kai, sannan na tafi garejin da yake koyon gyaran babur. Na same shi hannu duk baƙin mai. Na ce na zo neman gafara. Ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, "Haba Baba, ai da ka aiko na zo." Na ce a'a, a gaban mutane na yi, a gaban mutane kuma zan gyara. Ranar Lahadi na tashi na faɗa. Yau shi ke jagorar mawaƙa, lasifikar kuma har yanzu ta fi ƙarfin kunnena, sai dai na koma bencin baya.

Me ya sa coci-coci suka yi yawa haka?

Wani bambancin na koyarwa ne mai tsohon tarihi, kamar tsakanin Katolika da sauranmu. Wani na salon sujada ne, kamar na 'yan Fentikos da suka yawaita daga baya. Wani kuma, gaskiya ɗaya ce, rikicin shugabanci ne: ita kanta EERN ta rabu wajen ƙarshen shekarun 1980, har wasu ƙungiyoyi suka fita daga cikinta. Ba abin alfahari ba ne. Sai dai ranar jana'iza duk a maƙabarta ɗaya muke haɗuwa, kuma ba a tambayar mai riƙe da shebur daga wace majami'a ya fito.

Kuna azumi?

Muna yi. Katolika suna da kwana 40 kafin Ista. Sauranmu ba mu da wata ƙayyadadde; ikilisiya takan sa rana ɗaya ko uku in akwai damuwa, kamar jinkirin ruwa, mutum kuma yana iya yin nasa. Yesu ya ce mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai kada a gane, shi ya sa ba ka cika ji ba.

Maƙwabcina ya aiko mini da naman layya. In karɓa?

Ni ina karɓa, in yi godiya, matata kuma ta soya. Ranar Kirsimeti mu ma yaranmu suna zagaya unguwa da kwanonin shinkafa da nama, kuma don kada kowa ya yi shakka, mahauci Musulmi muke kira ya yanka mana. Akwai 'yan'uwa da zuciyarsu ba ta kwanta da naman layya ba. Bulus ya yi maganar irin wannan a Romawa 14: mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Amma ko ba za ka ci ba, kada ka mayar da kwano. Karɓi da hannu biyu, ka ba wanda zai ci. Mutumin nan shi ne zai fara fitowa da bokiti in gobara ta kama gidanka.

Da yawa daga cikinmu ma ba maganar maƙwabci ba ce, maganar uwa ce da kawu da ƙanen uba. Suna da aure da mutuwa duk tare muke yi.

Ba kwa jin tsoro, bayan abubuwan da suka faru?

Mukan ji. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa wuraren Kirista hari a nan Maraɗi. A 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wanda ba mu da hannu a ciki ba mu kuma yarda da shi ba, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. A Yunin 2019 aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya ta nan Maraɗi bayan an kama wani limami, wanda da aka sake shi ya fito ya yi kira a kwantar da hankali.

Ba na son a manta da waɗannan, ba na kuma son a ba da rabin labari. A daren 2019 ɗin, maƙwabcina Alhaji ya fito da tabarmarsa da carbinsa ya shimfiɗa a ƙofar gidana, ya zauna har gari ya waye. Bai ƙwanƙwasa ba, bai ce mini kome ba. Da safe na fito na gan shi, ya ce zafi ne ya hana shi barci a ɗaka.

Abin da muke koya wa yaranmu shi ne kada su rama, kada su zagi abin da wani yake girmamawa, kada kuma su tura saƙon da ba su san tushensa ba.

Ina ruwan bangaskiya da gona?

Farawa sura 2 ta ce an sa mutum a gonar domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta. A nan yankin Maraɗi ne a 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. In aka bar reshe kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, sai su zama itace. Manoma, Musulmi da Kirista, suka ɗauka suka yaɗa, har aka wayi gari gonakin da suka zama fako sun cika da gawo da kalgo da sabara. Shi kansa ya sha faɗa cewa addu'a ya yi a ranar da idonsa ya buɗe. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Wani "annabi" a WhatsApp ya ce in aika kuɗi ya yi mini addu'ar buɗi.

Kada ka aika. A Ayyukan Manzanni sura 8 wani Saminu ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi, ka je ka karanta amsar da Bitrus ya ba shi. In addu'a kake so, zo ranar Laraba da yamma, kyauta ne, kuma masu yi maka sun san sunan 'ya'yanka.

Har yaushe mutum zai jira kafin a yi masa baftisma?

Ya danganta da ikilisiya da kuma mutumin. A ajina mukan ɗauki watanni, ba don a wahalar da kowa ba, sai don mutum ya san abin da yake shiga, musamman wanda danginsa ba za su ji daɗi ba. Ba ma yi wa kowa gaggawa, ba ma kuma ba kowa ko dala don ya zo. Wanda bai kai shekarun yanke wa kansa shawara ba, sai da sanin iyayensa.

Ƙarfe nawa ake tashi daga sujada?

Ita ce tambayar da ban taɓa amsawa daidai ba. A takarda awa biyu ne. Amma in akwai miƙa jariri, ko baƙi daga ƙauye da suka zo da waƙarsu, ko zumuntar mata ta samu sabon amshi, sai abin da Allah ya yi. Bayan albarka ma ba a watsewa, sai an tsaya a gindin dogon yaro an gaisa da kowa, an tambayi mai jiki, an sa ranar zuwa Danja duba wani. In kin ɗora wake a wuta kafin ki fito, ki sauke shi tukuna.